Ƙananan Shu a Gefen Wuta

Shekarar da layya ta faɗo cikin sanyi,
rijiyar garkar Kawu Tanimun a Mirya ta ja da baya.
Guga ya sauka, ya dawo da laka.
Shu ɗin da ya dasa suka ƙi buɗe kafaɗa,
suka dunƙule kamar hannun jinjiri,
babbansu bai wuce lemun tsami ba.

Ya ɗaura buhun a bayan keke har kasuwar Dole.
Mata suka ɗaga, suka juya, suka aje.
Wata ta ce, "Malam, shu ne ko ƙwan zabuwa?"
Da la'asar ya jingine buhun a zaurenmu na Birni,
bai ko zauna ba.
"Baraka, ki zuba wa awaki."

Mu kuwa ba mu da awaki.
Rago ɗaya ne a turke,
shi ma kwanansa ɗaya ya rage.

Da hantsi, bayan an sauko idi,
maza suka gicciya sanduna a ƙofar gida,
ragunan unguwa tsaye, ƙirji a buɗe,
sun kewaye wuta kamar masu jin ɗumi.
Naman sai gobe.
Yau hanta ce da tumbi, da ƙamshi, da haƙuri.

Na jawo buhun inuwar katanga.
Na datse gindin kowanne,
na ɓare rigar sama mai ƙura,
na raba shi biyu.
Ashe ciki duk a ninke yake, fari sol,
ninki kan ninki,
kamar kuɗin da tsohuwa ta ƙulle a bakin zane.

Man gujiya, ludayi guda.
Gishirin Balma da na daka a turmi.
Tafarnuwa uku, da yajin da Inna ta ɓoye wa kanta.
Na cuɗa da hannu har yatsuna suka yi sheƙi,
na kifa su a kan murfin tsohuwar tukunya,
na tura ƙarƙashin ragonmu,
daidai inda kitse ke ɗiga.

Yayana Ma'azu ya share gumi da kafaɗa.
"Ranar nama kike gasa ganye?"
Ban tanka ba.
Wuta ce za ta yi magana.

Abin da na koya a ranar:
kada ka juya su da wuri.
Ka bar fuskar ta daɗe a kan ƙarfe
har ta yi ja, ta wuce ja,
har ganyen baya ya ƙone ya yi ƙaras-ƙaras,
har ka fara jin tsoron ka ɓata.
A nan ne ɗacin ke gajiya,
ya miƙa wuya, ya koma zaƙi.

Na matsa lemu, na marmasa ƙuli a kai.
Yara suka fara ɗauka da yatsa biyu,
suna hura wa, suna tsalle.
Ma'azu ya ɗauki ɗaya don ya ƙaryata ni.
Ban ƙirga na bayansa ba.

Da duwatsun Birni suka fara haɗiye rana
sai ga Kawu, ya zo barka da salla.
Na aje masa bakwai a ƙaramin kwano.
Ya daɗe yana kallo.
Ya tauna ɗaya a hankali,
idonsa a kan garwashi.
"Wata uku," ya ce,
"rabin guga da safe, rabin guga da marece.
Na ɗauka ba su ji ba."

Yanzu shu na shigowa Damagaram kamar kan mutum,
mota-mota, har a rasa mai saye.
Ni dai ina durƙusawa gaban mai tallar,
in tura hannu can ƙasan kwando,
ina laluben waɗanda suka sha wuya.
Ba ta karɓar kuɗinsu.
Gyara ce, in ji ta,
tana dubana da tausayi.