Zanen Alli a Jikin Ƙofa

A bakin tafkin Titicaca, inda sanyi ke cizon yatsu,
Malama Eusebia ta daina cewa "ku ƙara himma."
Himma ba a auna ta da mudu.

Ta ce da Nayra: "Kalma goma sha bakwai kika karanta
kafin minti ɗaya ya cika.
Kafin a tone dankali, arba'in nake so."

Kowace Juma'a, zanen alli a jikin ƙofa:
ashirin da biyu,
ashirin da biyu kuma,
sai sha tara, makon da tumakinsu suka ɓace.

Ranar tonon dankali, talatin da takwas.
Saura biyu.

Nayra ta karɓi allin,
ta yi ɗage,
ta rubuta hamsin da hannunta.