Ɗaure a Turke

Sallau ya aiko hedifon daga Jidda,
soson kunnensa taushi kamar hantar rago.
Gindin tsamiya a Auyo, bayan la'asar,
na kunna garayar da Kawu Barmo ya bari a wayata.

Babu igiya, sauti ya zo wankakke,
har fadamar albasa ya raka ni.
Amma wani abu ya zube a hanya.

Na dawo, na soka igiya.
Sai ga kartar farcensa kan tsirkiya,
ga numfashin da yakan ja kafin baiti,
can baya ga zakaranmu
da muka yanka ranar sadakar bakwai ɗinsa.

Igiyar ba ta kai kamu uku ba.
Na zauna kamar akuya a turke
har aka kira magariba,
ban nemi a kwance ni ba.