Sifili Shida

Daren da shekara ta juya
na kwanta da miliyan arba'in a gwangwanin shayi,
na tashi da lira arba'in.
Ba ɓarawo ba ne, ƙofa na nan da sakatarta.
Hukuma ce ta shigo da tsintsiya
ta share sifili shida daga fuskar kowace takarda,
yadda nake share guntun zare a ƙarƙashin keke.

Ni ce Nurten, tela a lungun bayan tashar jiragen ruwa,
nan Trabzon, inda teku ke tari tun asuba.
Ina karɓar miliyan uku in rage tsawon wando,
ko sau ɗaya ban ji ƙamshin arziki ba.
Yau lira uku nake karɓa.
Talaucin bai ƙaru ba,
kwat ɗin aro kawai aka tuɓe masa.

Hikmet mai shayi ya yi kwana tara a ruɗe.
Ya rubuta farashi biyu a jikin allo,
tsoho a sama, sabo a ƙasa.
Baki ya ce, "Dubu ɗari biyar,"
hannu ya miƙa kurush hamsin,
su biyun suka yi wata ba sa ga-maciji.

Sai ga cinikin da ban yi mafarkinsa ba:
aljihu.
Mun saba ɗinka shi da ƙyalle shara-shara,
don takarda ba ta cin zare.
Ga miliyan ta koma ƙarfe mai zobe, mai nauyi,
kafin sanyi ya wuce ta huda wandunan rabin unguwa.
Direban tasi, mai gasa kifi, har malamin lissafi,
kowa ya zo dafe da cinya
wai dukiyarsa na gangarawa cikin takalmi.
Na sayo yadi mai kauri, ina bin ɗinki sau biyu.
Ƙarfe ya huda, in toshe,
a biya ni da ƙarfen da zai sake hudawa.

Amma ba wannan na zauna in faɗa ba.

Babana Rasim, da shi ke yanka tikiti a motar Rize,
yana ba da canji ba ya duba tafinsa.
Shekara goma sha ɗaya ke nan da idonsa ya rufe.
Tun lokacin, in ya miƙa takarda
sai ya tsaya jiran amanar mai karɓa.
Ya ce sifili ba shi da kaushi,
yatsa ba ya jin bambancin biyar da shida.
A hankali ya daina zuwa sayen burodi.

Ran nan na juye cinikina a kan tebur.
Ya ɗaga kai.
"Sake," in ji shi. Na sake.
Ya laluba, ya ɗauki ɗaya, ya bi bakinsa da farce,
ya auna a tafi, ya ajiye gefe.
"Goma. Wannan ashirin da biyar. Wannan babbar, lira ce."
Bai kuskure ko ɗaya ba.
Ya ce, "Kurush. Ashe yana raye.
Da shi na sayi goron farko..." sai ya yi dariya,
"a'a, gasasshiyar masara, na kai wa uwarki bakin teku."

Washegari ya ɗauki sanda shi kaɗai.
Na bi shi daga nesa, allura a bakina.
A gidan burodi na ji muryarsa ta tashi:
"Yaro, saura kurush goma!"
Yaron ya ƙirga, ya sosa ƙeya, ya cika.

Ya dawo da burodi a hammata, yana kacau-kacau.
Ya tuɓe wandon, ya ɗora mini a kan keke.
"Ki zurfafa shi," ya ce. "Nawa ne aikinki?"
Na ce lira ɗaya.
Ya ce da tsada,
ya ƙirgo mini tamanin.