Farin Layi a Jikin Kwalekwale

A Dadin Kowa aka yanke cibiyata,
inda ruwa ke da gaɓa, kana tsaye kana hango ta.
Teku kuwa gaɓarta tana cikin takarda.
Takarda ta kai ni, takarda ta dawo da ni gida.

Wata tara na sa wa hannu, na yi goma sha huɗu.
Aikina can ƙasa ne, ɗakin inji,
inda rana ba ta leƙe, zufa ce agogo.
Tutar da ke kaɗawa a bayan jirginmu
ta wata ƙasa ce da ko kyaftin bai taɓa takawa ba.
Mai jirgin kuwa suna ne a saman wasiƙa,
ana jin umarninsa, ba a san fuskarsa ba.

Akwai littafin hutu.
Kullum da magariba a miƙo min biro:
"Rubuta awa goma."
Ni da na runtsa awa huɗu,
rabinsu a tsaye, jingine da bututu mai ɗumi.
Na rubuta. Ba sau ɗaya ba.
Hannun da ke jiran albashi bai iya gardama ba.

Ranar da muka ya da zango a wata tasha mai sanyi,
masu bincike suka hau da tocila da hular kwano.
Suka ce a ta da injin jirgin ceto.
Ya yi tari biyu kamar tsohuwar akuya, ya yi shiru.
Wata mai furfura a cikinsu ta buɗe littafin,
ta bar shi buɗe, ta dubi idona:
"Wannan ba idon mai barcin awa goma ba ne."
Ramin ƙarya ƙurarre ne, na ji ƙafata ta taɓa ƙasansa.
Na faɗa.

Aka ɗaure jirgi wata biyar, kamar sa a turke.
Abokan aiki suka daina miƙo min gishiri a tebur.
Mai jirgi ya kashe waya.
Shinkafa ta ƙare, na ɗaura ƙugiya a zare,
yarintata ta bakin dam ta ciyar da mutum goma sha tara.
Ashe kifi yare ɗaya yake ji ko'ina.

Dokar da nake wa kallon shingen kan hanya,
ita ta tono inshorar da aka tilasta masa yanka,
ta ƙirga min albashin wata huɗu,
ta damƙa min tikiti har Legas.
Ragowar na bar wa Allah, ajiya ce.

Yau kasuwa na ci a tsallake.
Bappa Gidado na lodin kwalekwalensa:
buhun masara shida, babur, tunkiya,
mata huɗu da ƙoren nono, yaro riƙe da zakara.
Jiya da dare na sami ragowar farin fenti,
na ja layi a haƙarƙarin jirgin,
taƙi ɗaya ƙasa da baki.

"Mene ne wannan kuma, ɗan teku?"
Na ce, "In ruwa ya haɗiye shi, wani abu ya sauka."
Ya yi dariya har goro ya kuɓuce masa.
"Shekara arba'in ina fito a nan.
Ruwa ya iya karatu ne?"
"Bai iya ba, Bappa. Awo ya iya."

Bai tanka ba.
Ya kama sanda, ya sake ta,
ya sunkuya kamar mai gyaran igiya,
ya ce da yaro, "Sauke buhu ɗaya, iska na neman juyawa."
Babu iska. Ko ganyen dogonyaro bai motsa ba.

Suka tashi.
Layin yana ƙarƙashin ruwa da yatsa biyu,
ina hango shi fari-fari kamar cikin ƙarfasa.
Na zauna a kan buhun da aka bari,
ina ƙirga kawuna har suka taka gaɓa.