Hanyar Hagu

Tun asuba na ɗaure wa doki kaya,
burodi, gishiri, butar shayi.
Baƙina huɗu daga Bishkek,
na biyar tsoho ne, Toktosun,
mai sanda ɗaya da tari biyu.

Na ce, Baba, hanyar nan ba ta da tausayi.
Ya ce, Jildiz, mu je, ai na biya.

Muka bar itatuwa a baya,
muka bar ciyawa,
har tsuntsaye suka sallame mu.
Iska ta tsinke kamar kunun marowaci,
kowane taku sai an roƙi ƙirji.
Samarin suka daina ɗaukar hoto,
ɗaya ya zauna yana zagin takalminsa.

A mararrabar da na saba bin dama
tsohon ya ja hannun rigata:
Hagu, 'yata. Dama ta masu sauri ce.
Nan na yi kiwon tumakin kawuna
tun ba a haifi uwarki ba.

Shekara tara ina jagora,
yau na bi bayan mai tari.

Sai ga tafkin, shuɗi kamar rini,
kwance cikin tafin duwatsu.
Bai kalli ruwan ba, sama ya duba:
Ƙanƙarar can da har bakin ruwa take sauka.
Wa ya janye ta?

Na rasa amsa. Na hura wuta,
na miƙa masa shayi.
Kurɓin farko ya zuba wa tafkin,
sauran ya sha, hannunsa na rawa.