Taku Goma

Kakata Mal-sun tana gyaran kifi a kasuwar Jagalci,
nan Busan, inda teku ke kwana a bakin ƙofa.
Shekara saba'in da huɗu, hannu kamar igiyar jirgi.
Kunnuwan ne suka riga ta gajiya,
sai aka saya mata 'yan na'urori biyu,
kowace ba ta fi ƙwayar wake ba,
masu jin waya ba tare da zare ba
muddin tazarar ba ta wuce taku goma ba.

Ran Talata, ana yayyafi,
wuƙa a hannu, ta tsaya cak.
Wani namiji na magana a cikin kanta.
Yana tambaya ko jirgin Jeju zai tashi,
yana tari, yana cewa a ajiye masa miya.
Ta waiga: laima, kwandunan ƙaguwa, masu ciniki.
Ba mai kallonta.
Muryar ta sirance, ta tsinke,
kamar mai ita ya sha kwana.

Ta dawo ran Juma'a. Ta dawo wata Talatar.
Kaka ba ta gaya wa kowa ba.
Ta dai fara shafa jan baki kafin ta fita.

Ni na tono zancen, da dare, muna ɓare tafarnuwa.
Na karɓi wayarta, na shiga bulutut,
na buɗe jerin waɗanda kunnenta ya amince da su.
Suna uku kacal.
Tata. Tawa.
Sai: Wayar Bong-gil.

Kakana ke nan. Hunturu biyu da binne shi.
Kawu ya sayar da wayar a rumfar 'yan gwanjo
ƙarƙashin tashar Somyon,
bai wanke ta ba, ko hoto bai goge ba.

Na ce, Kaka, ranar da aka fara haɗa su
sun ƙulla sirri, mabuɗi ɗaya suka raba biyu.
Daga ranar kunnenki bai ƙara tambayar
wane ne a ƙofa ba.
Mabuɗin yake sani, bai san hannu ba.
Yanzu rabinsa na aljihun wani baƙo
da ke ratsa kasuwa sau biyu a mako.

Ta ce, bai saci komai ba.

Na ce, yau miya yake nema.
Gobe wayar ta faɗa hannun mai wayo,
ya tsaya bayan tankin dorinar ruwa,
ya rage miki duniya, ya ƙara tasa muryar,
ya ce daga banki yake, faɗi lambobin nan.
Wa zai ji ya tsawata? A cikin kanki yake.

Ta daɗe tana kallon sunan.
Tafarnuwa ta ƙare, ba ta lura ba.
Ta ce, tarinsu iri ɗaya ne, ka sani?
Na ce ban sani ba.

Ba ta bar ni na taɓa ba.
Da yatsanta, mai tsagar gishiri,
ta danna sunan.
Allo ya tambaya: a manta da wannan na'ura?
Ta yi tsaki. Wane mara kunya ya rubuta wannan?
Sannan ta danna.

Muka kashe fitilar da ke shelar kunnenta ga kowa,
muka sake ɗaura shi da tata wayar kaɗai.

Talata na je taya ta.
Wajen ƙarfe goma wani mai shuɗiyar laima
ya wuce, waya a kunci, yana tari.
Taku huɗu tsakaninsu.
Iska ce kawai ta kawo mata shi, kamar kowa.
Ta ƙwala masa kira, ta naɗe kan kifi biyu a jarida.
Na miya ne, ta ce. Kuma ka kai wayar nan a wanke.