Cokalin Fermín

Da dare muka haye Ebro cikin kwalekwalen aro,
ba mai tari, ba mai kunna taba.
Fermín Latorre na gabana, takalmansa a ka
don kada su jiƙe. Shi ya ɗinka abinsa.
Baduku ne a Caspe kafin a miƙa masa bindiga.
Ni kuwa Eusebio, ɗan mai injin niƙa,
iyakar sanina a duniya nauyin buhu.

Kwana ɗari da 'yan kai a kan dutse guda.
Ba shi da suna, sai lamba a takardar hafsa.
Jirage su zo da hantsi, su komo da la'asar,
kamar masu bin bashi da suka gane ƙofar gida.
Zaitun da kakan wani ya dasa
ya zama gawayi yana tsaye.
Mukan tsotsi maɓallin riga don yawu ya taru.

In duhu ya yi, na ƙetaren kwari sukan kira mu
da harshenmu, da irin zaginmu,
suna tambaya ko da mai takardar naɗa taba.
Wani a cikinsu yakan yi fito
da muryar da innata ke kwaɓa gari da ita.
Na toshe kunne. Ƙanena Ramiro
yana can ɓangaren, ban san a wane rami ba.

Da asubar wata Talata na harbi wani yaro
a tazarar da ake gaisawa.
Bai kai ga aske gemu ba.
Ya kira uwarsa yadda nake kiran tawa.
A aljihunsa busasshen ɓaure guda biyar,
ƙulle a tsumma mai ɗinkin hannu.
Na ci.
Allah ya gani, na cinye duka.

Fermín bai mutu yana kan gaba ba.
Ruwa ya tafi ɗebo mana, gora bakwai a wuya,
yana mitar wanda ya taka masa ƙafa.
Ƙara ɗaya, sai ƙura.
Da ta lafa na rarrafa na laluba:
gora ɗaya da ba ta huje ba,
da cokalinsa, wanda ya zana wa harafi da basilla.

An ce yaƙi ɗan zamba ne.
Ba a faɗa mana har da mu za a zambata ba.
Muka sake haye kogin da baya,
aka tashi gadar a bayanmu,
masu amsa suna ba su kai rabi ba.

Sai hanyar arewa cikin dusar ƙanƙara.
Mata da katifu, keken ɗinki a kan amalanke,
alfadari ya durƙusa ba mai lokacin yanka shi,
wani tsoho rungume da agogon bango
yana ba shi wani a kowace tsayawa.
A bakin iyaka aka nuna mana tsibin bindigogi.
Na jefa tawa. Kafaɗata ta yi sakayau
har na ji kunyar daɗin da na ji.

Yanzu rairayi ne, da waya mai ƙaya, da teku.
Mun haƙa ramuka muna kwana kamar gafiya.
Kullum ludayi ɗaya na ruwan wake,
da cokalin Fermín nake sha.
Sau tara na fara wa matarsa Casilda wasiƙa,
ban taɓa wuce gaisuwa ba.

Wani ɗan garinmu ya iso jiya,
ya ce injin niƙa na aiki, Ramiro ke juya shi,
ya dawo da lambar yabo da hannu ɗaya.
Na tambaya wa ke ɗaga masa buhu.
Mutumin ya dubi teku.
Na goge cokalin a riga,
na mayar da shi cikin safa.